Leda a Bakin Tafki, Leda a Tumbin Tunkiya: Lacca ga Jama'ar Kiyeshe da Kewaye

 

Daga Kiyeshe zuwa bakin teku mafi kusa, wajen Kwatano ko Legas, akwai kusan kilomita 800, ko da tsuntsu ne ya miƙe bai ratse ba. Mafi yawan Arawa, mutanen wannan ƙasa ta Arewa a Nijar, ba su taɓa ganin teku ba sai a fuskar waya. Saboda haka in rediyo ya kawo labarin wasu matasa da suka fita ranar Asabar da buhuna suna tsince roba a gaɓar teku, Ba'are yana da hujjar ya ce wannan sha'anin masu teku ne, ya juya tasha. Sai dai ledar da ke toshe hanjin kunkurun teku, ita ce dai mahauci ke cirowa daga tumbin tunkiya a Matankari. Mai teku ma yana da ɗan sauƙi, don igiyar ruwa takan kwashe masa wani abu ta kai wa wasu. Nan kuwa babu mai kwashewa.

Dalilin yana cikin yanayin ƙasar. Dallol Mauri, wannan kwarin da Kiyeshe da Dogon Dutsi da Kore Mai Ruwa da Tibiri ke zaune a cikinsa ko a gefensa, hanyar wani tsohon kogi ce da ya daina gudu tun dubban shekaru. A taswira ya gangara har wajen Gaya ya tarar da kogin Kwara, amma ruwan da aka yi a Arewa ba ya isa can. Yakan gangaro daga duwatsu ta ƙoramu, ya taru a tafkuna, wani ya nutse, wani rana ta shanye. Duk abin da ya ɗauko a hanya, nan yake sauke shi. Wanda ya zaga bakin Tafkin Saw a Dogon Dutsi bayan ruwa ya ja baya, ko bakin kowane tafki da ke kusa da gari, zai ga layin da ruwan ya tsaya, don leda ta shata shi. Wadda ruwa bai ɗauka ba, iskar hunturu ta ɗauka ta rataye a ƙayar aduwa da magarya. Daga ƙarshe ledar Arewa wuri uku take ƙarewa: bakin tafki, cikin gona, ko tumbin dabba.

Leda ba tsohon abu ba ce. A 1965 wani kamfani a ƙasar Suwidin ya yi rajistar irin wannan jaka mai hannu biyu da ake yankowa daga roba ɗaya, wadda injiniyansa Sten Gustaf Thulin ya zana. Dattawan da ke zaune a nan sun girma ba su san ta ba. Mace ta tafi kasuwa da ƙwarya da faifai, mai tsire ya naɗe nama a takardar siminti, mai man gyaɗa ya zuba a kwalbar da mai saye ya zo da ita, kaba kuwa ga ta nan a fadama, ana saƙa kwando da tabarma da igiya. Yau yarinya ta je sayen cefane: tumatir leda, tattasai leda, magi leda, man dala goma a ƙulle cikin leda, gishiri leda, sannan mai tebur ya haɗa su duka ya zuba a baƙar leda, kyauta. Miya ɗaya, leda shida. In ƙishirwa ta kama ta a hanya ta sayi piyawata na dala biyar, ta huda da haƙori, ta shanye, ta yar. Babu wanda ya yi mugunta a cikin wannan ciniki. Leda tana da arha, ba ta da nauyi, ba ta yoyo, kuma ita ta ba talaka damar sayen abu kaɗan-kaɗan daidai aljihunsa. Duk mai son yaƙar ta da bai yarda da wannan ba, zai yi ta magana shi kaɗai.

Ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OECD ta ƙiyasta cewa a 2019 duniya ta yi amfani da roba tan miliyan 460, kuma cikin wadda aka zubar kashi 9 cikin ɗari kacal aka sake sarrafawa. Wannan lissafin ya haɗa har da ƙasashe masu motocin shara da masana'antu. A ƙauyen da babu ko ɗaya, sai a ce kusan duk ledar da ta taɓa shigowa tana nan, in ban da wadda aka ƙona.

Mahauta sun fi kowa sanin inda take. Ana fede tunkiya, a fasa tumbi, maimakon ciyawa sai ga wani dunƙule baƙi, a murɗe, mai tauri, leda da igiyar buhu da tsumma sun sarƙe sun zama abu ɗaya, sai an sa wuƙa. Tunkiya da saniya ba sa tsayawa tauna a karon farko, haɗiya suke yi, sai daga baya su yi tuƙa. Ledar da aka zuba ƙosai ko tuwo ko gishiri tana ɗauke da ƙanshi da ɗanɗano, ga bazara ta yi tsanani, babu ciyawa, babu harawa, jiki na neman gishiri da kanwa. In ta haɗiye, leda ba ta narkewa, ba ta wucewa. Kullum ƙaruwa take, har ta cinye wurin abinci. Sai a ga dabba ciki a kumbure, ƙashin baya a waje, gashi a tashe, ana ba ta dusa tana shinshinawa tana kau da kai. Mai ita ya sayi maganin tsutsa, ya sake saye, a banza. Aikin tiyata kaɗai ke fitar da ita, kuma a ƙauye kafin a kai ga likitan dabbobi an riga an kira mahauci, ya saye ta a rabin kuɗi.

Likitocin dabbobi a Maiduguri da Zariya sun bi mayanka suna duba tumbi ɗaya bayan ɗaya, suka buga sakamakonsu a 2003 da 2004, kuma binciken Zariya ya nuna tumaki sun fi awaki kamuwa nesa ba kusa ba, abin da duk mai kiwo zai gane, don akuya tana da zaɓe, tana miƙa wuya sama, tunkiya kuwa kanta a ƙasa yake. A Dubai, inda kuɗi ba matsala ba ne, wani asibitin binciken dabbobi ya samu raƙuma kusan 300 da irin wannan dunƙule a ciki, wani ya haura kilo 60.

Asarar kuwa a kan wa take faɗawa? A ƙasar Arewa tunkiya da akuya yawanci na mata ne. Su ne asusun mace: kuɗin magani, kayan ɗakin ɗiya, abin da za a sayar in hatsi ya ƙare kafin kaka. Matar da ta ci bashin adashi ta sayi ɗan rago tana kiwo don Layya, in ya ci leda, ba rago kaɗai ta rasa ba, bashin yana nan yana jiranta. Shi ya sa duk wani shirin tsabta da aka tsara a ofis aka ba samari riguna masu rubutu aka manta da mata masu kiwo, ya bar waɗanda abin ya fi ci wa rai a waje.

Sai gona, kuma nan ne maganar ta fi wuya.

Bahaushe bai taɓa ɗaukar shara a matsayin abin banza ba. Juji dukiya ne. Toka, kashin awaki, ƙaiƙayi, karan da dabbobi suka tattake, sharar tsakar gida, duk ana tarawa, in rani ya yi a loda a amalanke ko a mangala a kai gona. Gonakin da ke kusa da gari shi ya sa suka fi na nesa kyau. Gari yana cin gero, yana mayar wa gona da taki, shekara da shekaru. Leda ta shigo tsakiyar wannan zagaye ta zauna. Yanzu manomin da ya kai juji gona ya kai leda da ita, da ruɓaɓɓen batir, da fasasshiyar kwalba. In ya bari don gudun leda, gonarsa ta rasa taki, ga takin zamani ya yi tsada.

Wani malamin jami'ar Kyoto ta ƙasar Japan, Shuichi Oyama, ya fara zuwa Nijar a shekarar 2000, kuma a nan kusa ya zauna, a ƙauyen Dandagum da ke yankin Dogon Dutsi. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda manoma ke ɗaukar sharar gida su zuba a kan faƙo, wato wurin da iska da ruwa suka kwashe rairayin sama suka bar ƙasa mai tauri da ko ciyawa ba ta fitowa. Ya auna, ya gwada a filaye, ya ga abin da manoman suka riga suka sani. Tarin shara yana tare rairayin da iska ke ɗaukowa. Gara tana zuwa cin kara da itace, ta huda faƙon da ramukanta, ruwan sama ya samu hanyar shiga maimakon ya gudu. Toka tana rage tsamin ƙasa. Irin gero da na yakuwa da na kabewa da ke cikin sharar su tsiro da kansu. Daga baya ya faɗaɗa aikin: a kewaye fili da waya, a kawo sharar gari a shimfiɗa, ciyawa ta fito, a bar makiyaya su yanka ko su shigar da dabbobi su kwana su bar kashi, daga cikin kashin itatuwa su tsiro. Burinsa gari ya tsabtata, faƙo ya farfaɗo, kuma rigimar manomi da makiyayi ta ragu tunda an samu ƙarin wurin kiwo.

Abin da ya ba mutane mamaki a aikinsa shi ne bai tsaya cire leda ba. A ganinsa, ledar da rairayi ya binne tana rage ƙafewar danshi. Wannan magana ce ta mai ilimi da ya yi shekaru yana aunawa, ba a yi mata gardamar fatar baki. Amma a lura da sharaɗinta. Filinsa a kewaye yake, sharar tana da kauri, rairayi yana rufe ta. Gonar talaka ba ta da waya. Ya zuba juji tsibi-tsibi a watan Maris, kafin ruwa ya sauka iska ta yi wata biyu tana tonon ledar tana watsawa, dabbobin gari kuma a sake suke, suna bi tsibi-tsibi suna kiwo. Sannan leda ba ta ruɓewa ta koma ƙasa. Rana ce ke gasa ta, ta farfashe ta zama ɓarɓashi, ɓarɓashin ya zauna. Masana a duniya yanzu suna samun irin wannan ɓarɓashi a ƙasar noma da ruwan sha. A kwarin da ake tarar da ruwa a rijiya kusa-kusa, inda ake noman rani na dankalin turawa da salati da kabeji, wannan ba abin wasa ba ne.

Darasin aikin Oyama ga mai son aikin sa kai a Arewa shi ne kada a shigo da tunanin birni, inda ake ganin duk shara abokiyar gaba ce, a kwashe a kai nesa. Mafi yawan jujin ƙauye rairayi ne da toka da taki, kuma gona na jiransa. Aikin da ake bukata tacewa ne: a raba leda da batir da kwalba daga taki tun a gida, ko a bakin juji kafin a loda amalanke.

Doka fa? Akwai ta. A ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ta kafa doka mai lamba 2014-63 da ta hana ƙera ledoji marasa kauri, da shigo da su, da sayarwa, da amfani da su, da ajiye su, kuma a 2015 aka fitar da ƙa'idojin aiki da ita. Burkina Faso ta yi tata a shekarar 2014 ɗin. Wanda ya shiga kowace kasuwa daga Dosso zuwa Birnin Ƙonni zai ga yadda dokar ta kasance. Ba abin mamaki ba ne. Iyakar Najeriya tana nan kusa, jihar Kebbi ce a ƙetare, dangi ne a ɓangarorin biyu, masana'antun roba kuma cike suke a Sharaɗa da Bompai a Kano. Bandir ɗin leda ba shi da nauyi, babur ɗaya zai ɗauko na kasuwa guda. Bangaladash ta hana leda tun 2002 bayan ta gano ita ke toshe magudanan ruwa lokacin ambaliya. Ruwanda ta hana a 2008, har a filin jirgi ake karɓewa, kuma kowace Asabar ta ƙarshen wata jama'a na fita aikin gayyar da suke kira umuganda. Kenya ta biyo a watan Agusta 2017 da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 4. Waɗannan ƙasashe ne da hukuma ta sa ƙarfinta a kai. Manyan duniya kuwa sun amince a Nairobi a watan Maris 2022 cewa za su rubuta yarjejeniyar roba, suka taru a Busan a ƙarshen 2024 suka watse ba su daidaita ba, suka sake taruwa a Janiba a watan Agusta 2025 suka sake watsewa. Tunkiyar Kiyeshe ba za ta iya jiran su ba.

To me masu aikin sa kai suka yi a wasu wurare, kuma me ya sa na wasu ya ɗore?

A birnin Mumbai na Indiya akwai wata gaɓar teku mai suna Versova, tsawonta kamar kilomita biyu da rabi, wadda shara ta binne har ba a ganin rairayi. A watan Oktoba 2015 wani lauya, Afroz Shah, da maƙwabcinsa dattijo mai shekara 84, Harbansh Mathur, suka fara tsincewa da hannu, su biyu. Kowane ƙarshen mako suna fita. Mutane suka fara shiga, ƴan makaranta, masunta, har taurarin fim ɗin Indiya da ake kallo a nan. Kafin tsakiyar 2017 an kwashe fiye da tan 5,000. A watan Maris 2018 aka ga ƴaƴan kunkurun teku sun ƙyanƙyashe a wurin, abin da aka yi kusan shekara 20 ba a gani ba. Labarin ya zaga duniya, amma abubuwa biyu ba a cika faɗa ba. Na farko, hukumar birnin ta ba da motoci da katafila, in ba haka ba da tarin ya zauna a wurin. Na biyu, teku ya ci gaba da amayo sabuwar shara, har lauyan ya gane dole ya shiga unguwannin da ke bakin magudanai ya zauna da mutane gida-gida.

Labarin da ya fi kama da na Arewa daga Gambiya ya fito. A ƙauyen Njau, wata mata mai suna Isatou Ceesay ta ga awakin garinsu suna mutuwa, mahauta suna samun leda a cikinsu. A 1997 ita da mata huɗu suka fara tsince ledoji, su wanke, su shanya, su yayyanka siri-siri, su saƙa ƴan jakunkunan kuɗi da kwarashi. Da farko a ɓoye suke yi, don ana yi musu dariya, ana ce musu masu tonon juji. Da kuɗi ya fara shigowa dariyar ta tsaya. Ƙungiyar ta girma ta kai ɗaruruwan mata, Gambiya kuma ta hana leda a 2015. A Bobo Julaso ma akwai ƙungiyar mata mai suna GAFREH da ke saƙa leda a masaƙa. Sai dai a faɗi gaskiya: yawancin masu sayen irin waɗannan jakunkuna baƙi ne da Turawa, kuma ledar da saƙa ke cinyewa kaɗan ce a kan wadda ake zubarwa. Amfanin aikin Njau ba yawan ledar da aka saƙa ba ne. Mata ne suka samu dalilin haɗuwa kowane mako, da asusu, da bakin magana a gaban mai gari.

Ƙasar Arewa ba ta bukatar a koya mata fita aiki tare. Gayya ta girmi kowace ƙungiya mai hatimi. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya ce ke gina azuzuwa, tana share gari, tana dasa itatuwa, da sarkin samari da kiɗa, ko da yake dattawan da suka yi ta za su shaida cewa ba duka ne na ganin dama ba, akwai tsoron hukuma a ciki. Tsarin adashi na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jahar Maraɗi a 1991, ya bazu ko'ina har ya ƙetare Nijar, kuma ƙarfinsa shi ne mata suna haɗuwa kowane mako ba tare da wani ya biya su ba. Ga fada-fadar samari a kowace unguwa, ana dafa shayi har dare. A Dogon Dutsi, tare da abokan hulɗarsu na garin Orsay a Faransa da ƙungiyar RAIL, an kafa kwamitin tsabtar gari, aka gina masai a gidaje ta hanyar bashin da ake biya sannu a hankali, aka kuma shirya kwashe shara. A Kano, Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsabtar muhalli ce, al'adar da ta samo asali tun mulkin soja na 1984. Hannuwa dai akwai su.

Abin da ke kashe irin wannan aiki shi ne washegari. An fita, an yi kiɗa, an tara leda tsibi guda a bakin kasuwa, an ɗauki hoto. Sai me? Yawanci sai wani ya ƙyasta ashana. Hayaƙin leda baƙi ne, mai maiƙo, yana ɗauke da guba da ke kama ƙirji, kuma in akwai tsohon takalmin roba ko bututu ko batir a ciki, gubar ta fi muni, tokar ma ba ta da kyau ga gona. Haka yake ga matar da ke hura wuta da leda in itace ya jiƙe da damina, kanta a bakin murhu, goyo a bayanta. In kuma ba a ƙona ba aka bari, kwana uku iska ta mayar da kowace leda inda aka tsinto ta, samari su ga wahalarsu ta tafi a banza, kira na biyu ba wanda zai fito. Don haka kafin a sa ranar gayya, a fara sanin ramin. Wuri ne da mai gari da magajin gari za su nuna, a kan tudu ko faƙo mai nisa da rijiya da tafki, ba a cikin fadama ba. A danna ledar cikin tsofaffin buhuna a ɗaure, a jera, a rufe da ƙasa. Ba gwaninta ba ce, amma ta fi wuta, ta fi sakaci. Batir kuwa a ware shi a tsohuwar gwangwani ko jarka, kada ya shiga ramin taki ko kaɗan.

Ba kowace roba ce ɗaya ba, kuma wannan yana rage aiki. Fasasshen bokiti, tsohuwar buta, kujera da takalmi suna da masu saye, ƴan gwangwan na bi gari-gari suna aunawa suna kaiwa Najeriya. Gorar lemo ba ta kwana a ƙasa, masu zoɓo da kunun aya da man fetur na jira. Ledar piyawata tana da kauri kuma iri ɗaya ce, masu narkawa sun fi son ta, masu renon itatuwa kuma suna cika ta da ƙasa su shuka iri a ciki. A Yamai da Wagadugu akwai masu narka leda su gauraya da rairayi su yi bulon daɓe hanya, sai dai aikin yana cin leda mai yawa da wuta mai yawa, kuma in a buɗaɗɗiyar tukunya ake yi, mai juyawa shi ke shaƙar hayaƙin. Wadda ba ta da mai so ita ce baƙar leda siririya, wadda ake bayarwa kyauta. Buhu guda cike da ita bai kai nauyin da zai biya kuɗin mota ba. Ita ce ke cikin tumbi, ita ce a kan aduwa, kuma ita ce ba ta da magani sai a rage shigowarta.

Ragewar kuwa a kasuwa ake yi, ba a Yamai ba. Sarkin kasuwa da sarkin fawa da masu tebur in suka zauna suka yarda cewa babbar ledar haɗa kaya ta daina zama kyauta, ko dala ɗaya ce, kwando da jakar buhu za su dawo da kansu, masu saƙar kaba su samu ciniki. Mai koko da mai tuwo su ɗan ƙara wa wanda ya zo da kwanonsa, tunda ya rage musu kuɗin leda, kuma abinci mai zafi a cikin leda dama ba alheri ba ne ga ciki. A wurin biki da suna da wa'azi, inda ake raba piyawata jaka-jaka, a sa yara biyu da buhu tun kafin a watse. Sarkin fawa yana da hujjar da ta fi kowace takarda: ranar kasuwa ya rataye dunƙulen da ya ciro daga tumbi a bakin rumfa, masu kiwo su gani da idonsu. Limamai kuma ba su rasa abin faɗa a huɗuba game da tsabta da kawar da cuta daga hanya da haƙƙin dabba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 20 ga Satumba a matsayin ranar tsabtace duniya, abin da ya samo asali daga ƙasar Estoniya, inda mutum 50,000 suka fita rana ɗaya a watan Mayu 2008. A Arewa 20 ga Satumba gero ya nuna, kowa yana gona, ciyawa ta rufe ledar, dabbobi a ƙoshe suke. Ranar da ta dace da nan tana cikin rani. Fita ta farko bayan an gama girbi, lokacin da tafki ya fara ja da baya ya bar abin da ya tara a fili, kafin a saki dabbobi su bi bakin ruwa. Ta biyu a watan Afrilu ko farkon Mayu, lokacin da yunwa ta fi matsa wa tumaki, amalanke na jigilar taki, kuma ruwan farko bai zo ya kwashe na cikin lungu ya kai tafki ba. Matsalar wannan lokacin ita ce samari da yawa sun tafi cin rani, wasu Najeriya, wasu Kwatano, wasu Yamai. Waɗanda ke gari su ne mata da ƴan makaranta da dattawa, don haka da su za a tsara aikin, ba da waɗanda suke Legas ba.

Saura kuɗi. Gayya takan ɗauki rana ɗaya, amma jakin da zai ja amalanke zuwa rami kowane mako yana cin dusa, mai korarsa yana da iyali, taya tana fashewa. A garuruwa da dama an ga yadda ake ba da amalanke kyauta, a yi shekara ana aiki, ranar da tallafi ya ƙare a jingine shi a bayan ofis. Hanyoyin da ke hannun gari ba su da yawa: wani kaso daga harajin da hukumar komin ke karɓa ranar kasuwa, ko ɗan abin da kowane gida zai riƙa bayarwa a wata ta hannun ƙungiyoyin mata, waɗanda sun riga sun saba da riƙon akwati da littafi, ko kuma a bar wa mai amalanken takin da aka tace ya sayar wa masu lambu a fadama. Ta ukun ce ba ta bukatar sa hannun kowa daga Dosso, kuma masu noman dankali suna neman taki tun watan Oktoba.